Injin sassaƙa ƙarfe da bindiga mai harsashi ɗaya

Ɗan'uwa, ka ce kana da injin sassaƙa ƙarfe a gida a Aboabo, kana sha'awar ƙera bindiga mai cin harsashi ɗaya don gwada hannu kawai. Ni dai shawarata, ka bar wannan.

A Gana, dokar makamai ta 1972 ta hana kowa ƙera bindiga sai da rubutaccen izinin gwamnati. Lasisin da 'yan sanda ke bayarwa na mallaka ne, bai ba ka ikon ƙira ba. Ko ba ka taɓa harba ta ba, a same ta a ɗakinka babban laifi ne, alƙali kuwa ba ruwansa da wai sha'awa ce. Tun 2007 ma akwai hukuma ta musamman kan ƙananan makamai.

Sai maganar ƙarfen. Lokacin harbi, matsin da ke cikin bututun bindigar farauta yakan kai fam 50,000 a kan kowane inci murabba'i, fuskarka kuma tana dab da wurin. Ƙarfen da ka tsinto a Suame Magazine, unguwar makanikai da ƙarafa ta Kumasi, wa ya san irinsa ko tsagar da ke ɓoye a cikinsa? Ido ba ya gani. Shi ya sa a Birmingham ta Ingila aka kafa gidan gwajin bututu tun 1813.

In gwanintar ce ke jan ka, ƙera ƙaramin injin tururi. Daidaita fistin da silinda har iska ta daina zurarewa zai sa ka gumi. Ko ka riƙa yanka wa masu gyaran mota bushin da giya, har da kuɗin cefane.