Ejan ya ce Maldives ba a biza, Baffa ya ce in turo kuɗi

Wasiƙar wannan makon daga Doha ta zo, daga wani ɗan Gombe da ke tuƙin motar kamfani a can. Ga abin da ya rubuto, na taƙaita:

"Malam, ina cikin tsaka mai wuya. Ƙanena ya gama difloma, yana zaune a gida ba aiki. Wani ejan a cikin Gombe ya ce zai kai shi Maldives aikin otal, albashi dala 800 a wata, ci da kwana kyauta. Ya ce ƙasar ba a biza, hatimin kwana 30 ake bugawa a filin jirgi, in yaron ya shiga mutanensa za su mayar masa da shi takardar aiki. Kuɗinsa naira miliyan 4, rabi kafin alƙalami. Baffanmu ya ce ni zan biya, in na ƙi za a sayar da fadamar da mahaifinmu ya bari a Dadin Kowa. Ejan kuma yana son hoton katin zamana na Katar da takardar bankina, wai ni zan tsaya wa yaron. Inna ta daina ɗaga wayata. Hankalina bai kwanta ba, amma ina tsoron a ce na samu na hana ɗan'uwana."

Ƙanena, Allah ya sa ka gama da duniya lafiya. Kar ka tura ko sisi, kuma kar ka tura hoton katin nan. Wannan rashin kwanciyar hankali da kake ji, ka riƙe shi da kyau, domin a duk waɗanda ke cikin maganar nan kai kaɗai ne ka taɓa tsayawa gaban jami'in shige da fice na wata ƙasa da fasfo a hannu.

Abin da ke sa irin wannan ejan cin kasuwa shi ne rabin maganarsa gaskiya ce. Maldives, ƙasar tsibirai ce a Tekun Indiya, tana ba mai yawon buɗe ido bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, har da mai fasfon Najeriya. Abin da suke nema bai da yawa: fasfo mai rai (ni ina cewa a bar aƙalla wata 6 a kansa saboda kamfanonin jirgi), tikitin dawowa, shaidar an kama ɗaki a otal ko masauki mai rajista, kuɗin da zai isa zaman, da katin allurar shawara tunda daga Najeriya aka taso. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Akwai kuma fom ɗin IMUGA na hukumar shige da ficensu da ake cikewa ta intanet a cikin awa 96 kafin tafiya, shi ma kyauta. Ka lura da kalmar da ke ta dawowa: kyauta. In ka cire kuɗin jirgi, wanda kowa zai iya saya da kansa, me ya rage da za a biya wa miliyan 4?

Rabin da ejan ya murguɗa shi ne zancen "za a mayar". Bizar nan ta baƙo ce mai zuwa ya huta ya kashe kuɗi ya koma gida. An hana aiki da ita. Ana iya neman ƙarin kwanaki har su kai 90 gaba ɗaya, amma baƙo yana nan a baƙonsa. Hanyar ma'aikaci daban take, kuma daga wajen mai ɗaukar aiki take farawa. Kamfanin ne zai sami gurbin ɗaukar baƙi, ya nema wa mutum izinin aiki da sunansa da lambar fasfonsa ta shafin gwamnatinsu mai suna Xpat, ya ajiye kuɗin jingina. Sai izinin ya fito kafin ma'aikaci ya hau jirgi, in ya sauka a yi masa gwajin lafiya a kammala bizar aiki. Kai ma ai haka ka je Katar. Takardar kamfani ce ta riga ka, ba kai ka riga ta ba.

Bari in gaya maka yadda na ga abin nan yana ƙarewa, don ya zo gabana fiye da yadda nake so. Akwai wani yaro daga wajen Kumo da aka yi wa irin wannan romon bakan. Ya sauka a Velana, babban filin jirgin Maldives, wanda shi kansa a kan tsibiri yake, ya shiga layi tsakanin ango da amarya 'yan Turai masu malafa da tabarau. Shi kuwa yana rungume da ambulan mai ruwan ƙasa, takardun makarantarsa na ciki har da na firamare. Jami'in ya tambaye shi otal, ya miƙa takardar da ejan ya buga masa. Aka duba, ɗakin da aka kama an soke shi tun kafin jirgi ya tashi, don ba a biya ba. Tikitin dawowar ma haka. Aka tambaye shi nawa ke hannunsa, kuɗin ba za su biya kwana biyu a masauki ba. Ko ƙofar fita bai gani ba aka tasa ƙeyarsa. Da ya dawo, shagon ejan ya zama na sayar da kayan waya.

Ni a wurina wannan yaron ma ya yi sa'a. Wanda na fi jin tsoro wa shi ne wanda aka bari ya shiga. Zai kama ɗaki a Hulhumale, tsibirin da ke manne da filin jirgin, ya kira "mutanen ejan" ya ji waya a kashe, ko su zo su karɓi fasfonsa da sunan za a kai ofis, shi ke nan. Kwana 30 kamar yau ne. Daga nan ya zama mai zama ba takarda, ga tara tana hawa, ga kamu da tsarewa, ga hana shiga nan gaba. Tun 2024 gwamnatin can take bin baƙin ma'aikata tana ɗaukar hoton yatsunsu don ta zaƙulo marasa takarda. Mutanenmu sun saba da labarin takari a Saudiyya, inda in takarda ta mutu akwai wata goggo a Jidda ko Makka da za ta ba ka tabarma da tuwo. Can babu wannan. Tsibirai ne kusan 1,200 a tsakiyar Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka, waɗanda mutane ke zaune a kai ba su kai 200 ba. Babu iyakar da za a tsallaka da ƙafa ko a bayan akori-kura. Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a Male, babban birninsu. Yawancin manyan otal-otal ɗin kuma kowanne tsibirinsa guda, ba ka fita sai da jirgin ruwan mai otal ɗin.

Kar kuma a zaci aikin ƙarfi yana nan yana jiran ɗan Gombe. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen ƙasar duka sun ɗan haura rabin miliyan, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu baƙi ne, akasarinsu daga Bangaladash da Indiya da Siri Lanka. Su ke gini, su ke dako, su ke wanke-wanke, kuma su kansu an daɗe ana ba da rahoton yadda dillalai ke cinye musu kuɗi, iyayen gida na riƙe musu fasfo da albashi. Waɗanda suka san hanyar shekara da shekaru ke nan, masu 'yan'uwa a can.

Na san abin da aka gaya wa Inna ya kwantar mata da hankali: ai ƙasar Musulmi ce. Haka ne, tsarin mulkinsu ma bai yarda wanda ba Musulmi ba ya zama ɗan ƙasa, Juma'a ranar hutu ce, ba a shiga da giya ko naman alade a jaka. Amma jami'in filin jirgi zai amsa sallamarka da fara'a ya kuma mayar da kai gida in takardarka ba ta cika ba. Sannan a waɗancan otal-otal na masu hutu ana sayar da giya, kuma sabon ma'aikaci ba shi ke zaɓen tiren da zai ɗauka ba. A gaya wa Inna wannan ma, tunda ejan bai gaya mata ba. In kuwa ya ga an gane shi ya canza baki ya ce to Seychelles ko wani tsibirin, ka sani a 2023 hukumomin Seychelles sun taƙaita shigar masu fasfon Najeriya da ke zuwa yawon buɗe ido.

Yanzu ga tarkon da aka ɗana maka kai kanka, wanda ina ganin ba ka auna nauyinsa ba. Me ejan zai yi da katin zamanka na Katar da takardar bankinka? Cikin abubuwan da na lissafa maka babu inda ake neman yaya mai tuƙi a Doha ya tsaya wa mai yawon buɗe ido. Takardun nan in sun bar hannunka ba ka da iko da inda za su je. Na ga wanda aka ɗauki takardar bankinsa aka sauya suna a kai aka yi wa wasu da bai taɓa gani ba amfani da ita. Na ga wanda aka nuna wa iyayen wasu yara hoton katinsa aka ce "ga yaronmu da muka kai, yana can yana aiki", da abu ya ɓaci gidansu aka zo da 'yan sanda. Kana ƙasar da laifin takardar bogi ke raba mutum da aikinsa da zamansa a rana ɗaya, kuma bakuna nawa ke ci daga riyal ɗin da kake turowa?

In Baffa ya nace cewa wannan ejan ba irin sauran ba ne, ba sai kun yi musu ba. A nemi ya kawo sunan otal ɗin, da kwafin izinin aiki mai ɗauke da sunan ƙanenka da lambar fasfonsa, da takardar yarjejeniyar aiki, da lasisinsa na ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Takardar rajistar kamfani da ya manna a bango ba ita ba ce lasisin. Kai kuma ka nemo adireshin otal ɗin daga shafinsu na gaskiya ka tambaye su ko sun san da zancen. Otal na ƙwarai yana tallata gurbinsa da kansa, ya yi wa mutum tambayoyi ta bidiyo, kuma ba ya karɓar kuɗi a hannun wanda zai ɗauka. Mai gaskiya zai kawo takardun nan. Ɗayan kuwa zai ce ana ɓata masa lokaci, gurbi biyu ya rage, akwai masu kuɗi a hannu suna jira.

Sai maganar gida, wadda ita ce ainihin abin da ya hana ka barci. A nan ina bayanka, kuma zan faɗa ko da za a ce na shiga abin da ba ruwana. Baffa uba ne, a girmama shi, a durƙusa a gaishe shi. Amma fadamar nan gado ce, kuma a shari'a inda mamaci ya bar 'ya'ya maza, ɗan'uwansa ba ya cikin magada. Inna tana da tumuninta a ciki, 'yan'uwanku mata suna da rabonsu, kai ma kana da naka. Babu mai ikon ɗaga ta ya sayar don ya tsorata ka. Fadama a bakin ruwan Dadin Kowa, inda ake noman shinkafa da rani, in ta fita daga hannunku ba ta dawowa da kuɗin da aka sayar da ita. Ka kira babbar yayarku ko wani malami da gidanku ke jin maganarsa, a faɗa a fili cewa ba ka yarda a taɓa ta ba, in ta kama a je gaban alƙali a raba kowa ya san nasa.

Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu: duk wanda ya tsallaka ruwa an mayar da shi rijiya, kowa da gugarsa, ba mai tambayar ko akwai ruwa a ƙasa. Ba su ga ɗakin da kuke kwana ku da yawa ba, ba su ga zafin Doha na watan Yuli ba. In ka ce a'a sau ɗaya, an manta duk e ɗin da ka faɗa. Biyayya ga mahaifiya wajibi ce, ba na wasa da ita. Sai dai Inna ba Maldives take so ba, so take ta ga ɗanta ya daina zaman kashe wando a bakin titi, kuma an ce mata kai ne ka tare hanya. Kar ka yi ta aika mata dogayen saƙonnin murya ta WhatsApp ana kunna su gaban jama'a. Ka tura Kawu, ɗan'uwanta, ya zauna da ita ya ba ta labarin yaron Kumo. Kuɗin cefanen wata kuma kar ka rage ko naira, kar a ce fushi ka yi.

Shi ƙanen naka, a duk wasiƙarka ban ji muryarsa ba. Ka kira shi ku biyu, ba Baffa a kan layi. Ka tambaye shi abin da yake so, ka gaya masa iya abin da za ka iya. Wani ɓangare kaɗan na kuɗin nan zai saya masa injin ban-ruwa da taki da iri ya shiga fadamar da rani mai zuwa. In kuma zuciyarsa na waje ne, ya yi fasfonsa da kansa a ofishin shige da fice na Gombe, ya koyi sana'ar da ake nema da takardar shaida, girki ko gyaran na'urar sanyaya ɗaki ko tuƙi, kai kuma ka sa ido a kamfanoni masu ɗauka ta hanyar da kai ka bi.

Abu na ƙarshe, ka bincika ko an riga an ba ejan wani abu a ɓoye, don sau da yawa sai an kai kafin alƙalami ake kiran na waje. In an bayar, a adana rasit da saƙonnin waya da shaidar tura kuɗi ta banki, a nemi kuɗin a gaban shaidu. In fasfon yaron yana hannunsa a karɓo shi yau, ba gobe ba. Ya ƙi, a kai ƙara wurin 'yan sanda, a kuma sanar da hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane. Ka rubuto mini abin da ejan ya ce ranar da aka nemi izinin aikin.