Amsa ga mai son zuwa Amurka karatun lafiyar karkanda

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin likitan dabbobi, ka ji ina aiki a kan baƙar karkanda, kana so in sama maka gurbi. Gurbi ba a hannuna yake ba. Abin da zan iya shi ne in faɗa maka yadda aikin yake, don na lura hotuna kawai ka gani.

Baƙar karkanda a daji ganye da ƙananan rassan itatuwa take ci, ba ta kiwon ciyawa kamar farar. Masana da yawa na ganin sinadarin tanin da ke cikin irin wannan abinci, wanda majema suka sani a bagaruwa, yana kama sinadarin ƙarfe ya hana hanji tsotse shi da yawa. In aka kawo ta gidan namun daji aka ɗora ta a kan busasshiyar ciyawar alfalfa da abincin kamfani, sai jikinta ya yi ta tara ƙarfen, ga shi ba ta da hanyar fitar da shi. Shekara da shekaru yana taruwa a hanta da saifa, dabba tana tsaye kamar lafiya lau, sai an buɗe gawa a ga ɓarnar. Ranar da na fara ganin irin wannan hanta ban iya cin abinci ba.

Babbar dabarar rage ƙarfen ita ce ɗibar jini. Dabbar da nauyinta ya kai tan guda za a yi watanni ana koya mata tsayawa cik, ba maganin barci, wani na ba ta abin marmari a baki, kai kuma kana durƙushe kana neman jijiya a ƙafarta ta gaba. Ko lemo ba a ba ta, don bitamin C na ƙara tsotsar ƙarfe.

Sauran aikin kuwa kashi ne, in gaya maka gaskiya. Karkanda a ƙarshen hanji take narkar da abinci kamar doki, don haka a kashinta ake duba ƙananan halittu irin bakteriya da ke hanjinta. A 2019 Terri Roth da abokan aikinta a Cincinnati sun nuna cewa karkandojin da wannan ciwo ke kamawa, wato baƙar da ta Sumatra, ire-iren ƙwayoyin hanjinsu ba su kai na sauran yawa ba. Wanda zai ɗebo kashin da asuba cikin ƙanƙara ya saka a firiza, sabon zuwa ne. Kai ke nan.

Digirinka kuma ba zai ba ka damar taɓa allura ba sai ka bi ta shirin tantance likitocin dabbobin da suka yi karatu a wajen Amurka, irin ECFVG, ka ci jarrabawar samun lasisi ta NAVLE, ga tsada ga cin rai. Kafin in samu lasisi baro na tura. Akwai shugabar da ke gabatar da ni ga baƙi a matsayin ɗan Afirkan da ya san karkanda, amma da aka fitar da rahoton samfuran da na tara, ba sunana. Har yau abin na ci mini rai. Yanzu, alhamdulillahi, ni ake kira in za a ɗebi jini.

Ka kuma dubi kusa da gida. Irin baƙar karkandar da ta rage a arewacin Kamaru an ayyana ta ƙare a 2011. A 2018 an kai wasu baƙaƙen karkanda shida gandun dajin Zakouma a Chadi daga Afirka ta Kudu, huɗu suka mutu cikin watanni bayan sun rame. Tambayar me karkanda ke ci, me cikinta ke iya narkarwa, tana nan kusa da kai.

Rubuta mini shafi biyu kan abin da kake son bincikawa, zan karanta in gyara. Kada ka bari a sayar da gonar Baba saboda kuɗin jirgi kafin ka riƙe takardar tallafin karatu a hannu.