Gida da Fili: Gidan gado zan saya, amma babban wansu kaɗai nake gani

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano. Shekara 7 ina zubin adashi, na haɗa da kuɗin gwal ɗina da na sayar. Dillali ya nuna mini wani gida a Rijiyar Lemo, ɗaki uku da falo, an sallama mini a naira miliyan 19. Gidan na gado ne, kuma babban ɗan marigayin ne ke cinikin. Ya ce duk ƙannensa sun yarda, har da ɗaya da ya daɗe a Makka. Takardar hannunsa ta cinikin mahaifinsu ce mai hatimin mai unguwa. Dillali ya matsa in ba da kafin alƙalami kafin Juma'a. In bayar?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki bayar tukuna, ko da kuwa za a ce wani ya taya.

Na haura shekara 20 ina harkar gidaje a garin nan, kuma babu cinikin da ya fi sa ni zaryar kotu kamar na gidan gado. Kafin a raba gado, gida ba na babban wa ba ne. Kowane magaji na da haƙƙi a kowane ɗaki, har matar marigayin da ke da tumunin takaba. Kuma sai an fitar da bashi da wasiyya sannan ake maganar rabo. Saboda haka "duk sun yarda" da kika ji daga bakin mutum ɗaya bai zama yarda ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Makkan nan. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'armu ke aiki da shi, akwai abin da ake kira shuf'a: idan wani ya sayar da kasonsa a cikin gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa na da damar ya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓe kason. Wanda ke gari, ya sani kuma ya yi shiru har shekara ta wuce, damarsa ta faɗi. Amma wanda ba ya nan, tasa tana nan komai daɗewarsa. Na ga haka da idona. Wani bawan Allah ya sayi gida ta hannuna, ya sauya kwano, ya yi fulasta, ya haƙa rijiya. Bayan shekara 4 wata 'yar marigayin da ke aure a Nijar ta dawo ta ce ita ba wanda ya tuntuɓe ta. Laifina ne, don na karɓi maganar yayanta ban nemi tata ba, kuma har yau abin na damuna.

Ki ce su kawo takardar rabon gado daga kotun shari'a, mai ɗauke da sunayen magada duka. Ranar ciniki kowa ya sa hannu a gaban shaidu. Na Makka ya aiko da wakilci a rubuce, ki kuma ji muryarsa da kunnenki a waya. In akwai marayu ƙanana a cikinsu, alƙali ne zai ba da izinin sayar da kasonsu. Kuɗi kuma ta banki, kada ki ɗauki tsaba a jaka.

Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, ba ita ce takardar mallaka ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, shi ke ba da takardar mallaka, galibi ta shekara 99. Yawancin gidajen awon igiya ba su da ita, wannan kuma bai hana a saya ba. Ki ɗauki lauya ya bincika miki a KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta Jihar Kano, ko wani ya riga ya buɗe fayil a kan wurin, a KNUPDA kuma, wato hukumar tsara birane ta jihar, a duba ko titi zai bi ta kansa. Kuɗin lauyan bai kai la'adar dillali ba.

Shi kansa ginin, ki je da magininki, ba na dillali ba. Ya duba gindin bango ko danshi na ci, ya ɗaga silin ya ga katako ko gara ta shiga, ya auna tazarar masai da rijiya. Sabon fenti a gidan sayarwa yakan rufe tsaga. Da so samu ne ki ga gidan a watan Agusta bayan an yi ruwan sama. In ba dama, ki shiga wajen matan maƙwabta ki tambaye su inda ruwa ke kwanciya a layin da damina, za su gaya miki abin da dillali ba zai faɗa ba.

In sun kawo takardar kotun, ki sake rubuto mini mu duba yadda za a rubuta yarjejeniyar.