Yaro ya faɗa rijiyar tsakar gida, wa zai yi kaffara?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, Allah ya ƙara lafiya. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Da daminar nan ɗan ƙanina mai shekara 2 ya faɗa rijiyar tsakar gidanmu Allah ya karɓi abinsa, uwar tana madafi tana tuƙa tuwo ta bar shi wajen yayarsa 'yar shekara 6 ita kuma ta bi ƙawayenta wasa. Rijiyar ba murfi tun bara muke ta cewa za a yi, kuma bakinta kusan daidai yake da ƙasa. Yanzu wasu na cewa uwar ta yi azumi 60, wasu na cewa kwana ne ya ƙare ba komai a kan kowa, ita kam ko abinci ba ta iya ci. Malam mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ku haƙuri. Ka fara gaya wa uwar cewa Annabi (SAW) ya lissafa wanda ruwa ya ci cikin shahidai biyar a hadisin Bukhari da Muslim, balle yaron da ko alƙalami bai hau kansa ba, ta daure ta ci abinci.

Masu cewa kwana ya ƙare gaskiya suka faɗa, sai dai ba nan maganar ta tsaya ba. Ƙaddara ba ta sauke amana. Mutumin nan da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ɗaure ta sannan ka yi tawakkali, to ina ga ɗan mutum da ya fara tafiya yana bin duk abin da ya gani yana ƙyalli.

Kaffarar kisan kuskure tana Suratun Nisa'i aya ta 92, 'yanta bawa mumini, in babu sai azumin wata 2 a jere, ba ciyarwa a cikinta kamar ta Ramadan. A irin wannan mas'ala abin da malamai ke dubawa shi ne sakaci. Wanda ya yi tsaron da masu hankali ke yi abin ya zo ya fi ƙarfinsa, ba komai a kansa. Amma a yadda ka bayyana an san rijiya a buɗe take, an san yaron yana kaiwa wajen, kuma 'yar shekara 6 ai ita ma raino take buƙata, don haka ni abin da na fi natsuwa da shi uwar ta yi kaffarar idan ta samu ƙarfin jiki, al'ada in ta zo mata ba ta yanke jerin, tana yin tsarki ta ɗora. Yarinyar kuwa kar wanda ya sake ya ce mata ke kika kashe shi.

To amma ɗan'uwa ku mazan gidan fa? Na ga duk ƙauyen uwar ake kallo. Gaskiya ne akwai hadisin da ya ce rijiya ba ramuwa a kanta, kuma Imam Malik a Muwaɗɗa ya bambance wanda ya haƙa inda ya halatta da wanda ya haƙa kan hanyar Musulmi, na biyun shi ke biya. Wannan maganar lamuni ce ga mahaƙi, ba ta ce uba ya shekara yana tsallake rami a tsakar gidansa ba, shi ma makiyayi ne za a tambaye shi kiwonsa. Uban ya tuba, kuma in shi ne ya yi ta jinkirta aikin murfin shi ma ya yi azumin ya fi masa kuɓuta. Batun diyya in magada sun yafe shikenan, in an samu saɓani sai gaban alƙali.

Rijiyar nan kar ta sake kwana a buɗe, ko da faifan kwano ne da dutse a kai kafin a ɗaga bakinta da bulo zuwa ƙugu a sa murfi da kwaɗo. Kuma ba rijiya kaɗai ba, bokitin wanki, baho, randa, duro, duk yaro mai rarrafe kansa ya fi jikinsa nauyi yana leƙawa sai ya kife, ko ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba yana iya halaka shi, kuma ba a jin ihu, shiru abin yake faruwa cikin 'yan mintuna. An gama wanki a zubar a kife bokiti, Annabi (SAW) dama ya ce a rufe ƙorai. Kududdufan da aka haƙa ƙasar gini a bayan gari kuwa, waɗanda ke cika duk Agusta, wannan aikin mai unguwa ne da liman da matasa, a kewaye da ƙaya ko a cike.

Mata suna yawan tambayata, ina salla na hango yaro ya doshi ruwa. Yanke sallar wajibi ne a nan, ki ɗauke shi ki sake kabbara. In kuma an tsamo yaro ba ya numfashi, ma'aikatan lafiya sun hana a riƙe ƙafarsa a zazzage shi ko a matsa cikinsa, a kwantar da shi rigingine a hura masa iska a baki ana danna ƙirji, ko ya farfaɗo yana kuka a kai shi asibiti a ranar. Wallahu a'alam.