Tambaya da Amsa: Ɗalibaina sun ci jarrabawar Turanci, amma ba su iya karatu ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar aji uku ce a wata makarantar firamare ta gwamnati a Jihar Jigawa, kuma yaran ajina sun haura sittin. A jarrabawar zangon da ya wuce yawancinsu sun samu maki 70 zuwa sama a Turanci. Sai mahaifin yaron da ya zo na uku ya same ni, ya ce ya miƙa wa ɗansa wani ɗan littafin labari na 'yan aji ɗaya ya kasa karanta ko layi guda, yana kuma zargin makin ƙarya muke rubutawa. Wallahi ban ƙara wa kowa maki ba, kuma abin ya hana ni barci. Ta yaya zan gane ainihin abin da yaran nan suka iya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Na yarda ba ki ƙara wa kowa maki ba, kuma shi ma mahaifin yaron gaskiya ya faɗa. Jarrabawarki ta auna abin da yara suka riƙe daga littafin aji, shi kuwa ya gwada ɗansa da rubutun da bai taɓa gani ba, wanda shi ne ma'aunin karatu na haƙiƙa.

A nan ne kuskuren da nake karo da shi kusan kowace makarantar da na shiga yake, wato ɗaukar hadda a matsayin iya karatu. Malami zai karanta layi, aji ya amsa da murya ɗaya, a maimaita yau, a maimaita gobe, har zango ya ƙare. Mai wucewa ta bayan taga zai ji daɗi ya ce ana karatu. Amma ki matsa kusa da benci ki dubi yatsan yaro: bakinsa yana layi na huɗu, yatsansa yana layi na biyu, wani ma idonsa na kan abokinsa, wani ya buɗe shafin da ba shi ake karantawa ba, kuma duk da haka ba ya tuntuɓe ko sau ɗaya. Ranar jarrabawa sai a kwaso tambayoyin daga wannan shafin da aka sha rerawa, a ce a cike gurbi ko a zaɓi amsa ɗaya cikin uku, yaron ya gane siffar jimlar da ya saba gani ya ci. A tambayar zaɓi mai amsoshi uku, ko wanda bai san komai ba yana iya dacewa da kusan kashi ɗaya cikin uku ta hanyar canki-canka kawai.

Ba ina raina hadda ba ne, domin baiwa ce da yaranmu suke da ita sosai. Sai dai ko a makarantar allo, inda hadda take da daraja mafi girma, ba a yarda almajiri ya tsallake babbaƙu da farfaru ba, saboda alarammomi sun san cewa wanda bai san harafi da wasalinsa ba, a bakin wani zai ci gaba da rataye. Haɗarin wannan kuskure shi ne yana ɓoye matsalar a daidai shekarun da gyaranta yake da sauƙi. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa yana iya rufe asirinsa har aji huɗu ko biyar, lokacin da littattafan kimiyya da lissafi na Turanci suka fi ƙarfin hadda, sai a wayi gari ana cewa yaron ya lalace ko an yi masa baki, alhali tun farko bai taɓa iya haɗa haruffa ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu cin kasuwa da wannan. Akwai makarantun kuɗi da suke raba wa yara tambayoyin jarrabawa da sunan bita mako guda kafin a zauna, domin takardar sakamako ta cika da 90 iyaye su sake biyan kuɗin makaranta. Akwai masu yawo suna sayar da darasin lanƙwasa harshe, su koya wa yaro jimloli goma da karin harshen Ingila ya rera a ranar rabon kyaututtuka, a yi ta tafi. Sannan ga fom ɗin gwaji na yau da kullum, wanda aka tanada domin bibiyar ci gaban yaro, ya zama takardar da ake cikewa a daren da za a miƙa ta, su kuma jami'an da ke zuwa duba makarantu ba su cika tambayar komai ba sai ko ginshiƙan sun cika. Da wuya ki ga wanda ya kira yaro ɗaya ya ce masa karanta mini nan.

Hanyar da za ki bi ba ta buƙatar kuɗi. Ki gwada yaran ɗaya bayan ɗaya, da rubutun da ba su taɓa gani ba. Wannan shi ne tushen gwajin EGRA, wato gwajin karatun 'yan azuzuwan farko, da cibiyar bincike ta RTI ta Amurka ta tsara a 2006, wanda aka yi amfani da shi a jihohin Bauchi da Sakkwato, haka ma tsarin TaRL, wato koyar da yaro daidai da matakin da yake, da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi. Ki rubuta a kan kwali haruffa a hargitse, ki nemi sautinsu, ba sunansu ba. Daga nan ki ba yaron kalmomin da kika ƙirƙira, kamar "mip" da "lat", domin babu yadda za a yi ya haddace su a baya. Sai ɗan gajeren labari na jimloli biyar ko shida da kika rubuta da kanki, ki ba shi minti ɗaya, ki ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, sannan ki yi masa tambayoyi uku a kan labarin. Ki bar shi ya amsa da Hausa idan ya so, domin abin da kike nema a nan shi ne ko ya fahimta. Idan kina gwada yara biyar a rana yayin da sauran ke aikin rubutu, cikin mako uku za ki gama ajin.

Ki yi irin wannan gwajin da Hausa ma. Yaron da ya karanta Hausa sumul amma ya tsaya a Turanci, ƙarancin kalmomi da ƙa'idar rubutun Turanci ne matsalarsa, tunda Turanci yana rubuta sautuka kusan 44 da haruffa 26, ita kuwa Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Idan ya karanta "cat" da sautin c na Hausa, ki yi murna, domin ya iya haɗa haruffa, abu ɗaya kawai ya rage a nuna masa. Wanda ya kasa duka biyun kuwa daga sautin haruffa za a fara masa. Kada ki rage wa yaro maki don ya musanya p da f ko ya cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, matuƙar ana gane kalmar da yake nufi. Sauraro da magana su ma ki auna su daban, ta hanyar ba shi umarni mai sauƙi da Turanci ki ga ko zai aikata, ko ki nuna masa hoton kasuwa ya faɗi abin da ya gani.

Ki buɗe littafi na musamman ki rubuta matakin kowane yaro: bai san harafi ba, harafi, kalma, sakin layi ko labari. Ki raba su rukuni bisa wannan na ɗan lokaci a kowace rana, ki sake gwaji bayan mako shida da sabon labari. Shugaban makaranta zai iya jin nauyin ganin sakamakon farko, amma ki nuna masa, domin amanar 'ya'yan mutane ce a wuyanku ku biyu, kuma za a tambaye ku a kanta. Shi kuma mahaifin yaron ki gayyace shi ya zauna a gwada ɗansa a gabansa, ki faɗa masa matakin da yake kai ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ki roƙe shi ya riƙa sauraron karatun yaron na minti goma kowane dare, sannan ku sa ranar da zai dawo a sake gwadawa.