Kada ka sayi turbo na uku kafin a buɗe ƙasan injin

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya mayar maka da alheri. Ka ce motarka Fijo 307 ce mai gas, inji 1.6 HDi, turbo (abin da ke cusa wa injin iska) ya mutu ka sa wani, bai cika wata biyu ba ya fara yin fito yana turnuƙe hanya da hayaƙi, yanzu kuma bakanike ya ce a sauke injin a ɗora na fetur. Irinta ce a hannuna shekara bakwai tsakanin Ringim da Kano, don haka na san zafin da kake ji. Don Allah ka dakata, kar ka sake fitar da ko kwabo tukuna.

Turbo ba ya mutuwa haka kawai, ƙishin baƙin mai ne ke kashe shi. Mafarin abin kuma yawanci a gindin nozul yake, wato abin da ke fesa gas cikin injin. Kowane nozul yana zaune ne a kan wata 'yar washa ta jan ƙarfe. Idan ta gaji, hayaƙin ƙuna sai ya riƙa tsiyayowa sama. Ka cire murfin robar da ke kan injin da safe ka tayar, ka kasa kunne: idan ka ji fus-fus-fus, ko warin hayaƙi yana shigowa cikin mota, ko ka ga baƙin abu kamar kwalta ya daskare a gindin nozul, to ka kama ɓarawon. Wannan dauɗar ce ke gangarawa cikin baƙin mai ta dunƙule, ta toshe rariyar da famfon mai ke tsotsa ta cikinta a kaskon ƙasan injin, inda baƙin mai ke taruwa. Akwai kuma wata 'yar mitsitsiyar raga a cikin notin siririn bututun da ke kai wa turbo mai. Ita ma da ta toshe, shi ke nan, turbo yana juyawa a bushe.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu ɗora sabon turbo a kan tsohuwar dauɗa. Wallahi wannan zalunci ne. Mutum ya sayar da hatsinsa ko ɗan bijiminsa ya tafi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo kaya, a ɗaure masa cikin awa uku, a karɓi kuɗin aiki, ba wanda ya kwanta ƙarƙashin mota ya kwance kasko. Ranar da ya sake mutuwa sai a ce ai jabu ka sayo, ko a ce motar gas ba ta ƙauye ba ce. Nawa da aka sauke kaskon a gabana, rariyar ba a ganin ko huda ɗaya, da tsinken ƙarfe aka riƙa ɓanɓaro abin kamar ƙanzo a gindin tukunya. Kuma wanda ya ɗaura turbon yana tsaye yana rantsuwa ya wanke komai. Allah Ya isa dai.

Ga abin da za ka tsaya a kai da ƙafarka. A canja washar nozul duka huɗun, a goge mazauninsu tas, kar a yarda a maimaita tsohuwa. A sauke kasko a wanke, rariyar a canja ta idan da hali. Bututun da ke kai mai turbo da notinsa biyu a sa sababbi, wanke shi ba ya fitar da abin da ya ƙone a ciki. A wanke gidan filtar mai, a kuma kwance ƙaramin lagireton da ke sanyaya iskar turbo a tsiyaye man da ya taru cikinsa. Wannan na ƙarshe kar ka yi wasa da shi: idan injin ya zuƙi man nan zai tashi da kansa da mugun ƙugi, ka zare makulli bai mutu ba. In hakan ta faru, taka birki, sa giya ta biyar, ka saki kuloci. Kafin a tayar, a ɗura mai a bakin sabon turbon. Sannan a gwada: a saka bututun da ke dawo da mai cikin gora, minti ɗaya a silo, wato injin yana aiki ba a taka totur ba, ya ba da kusan sulusin lita.

Baƙin mai kuwa, injin yana shan lita huɗu ba kaɗan. Ka nemi 5W-40 na galan a rufe, ba na durom da ake aunawa a bakin kasuwa ba. A ƙurarmu da burjinmu kar ka wuce kilomita 5,000, kuma a juye shi da zafinsa tare da filta. Bayan wannan aikin ma ka sake juyewa da ka yi kilomita ɗari biyar. In ka dawo daga doguwar tafiya, bar ta ta yi minti ɗaya ko biyu a silo kafin ka kashe.

Tunda na tuna, gas ɗin 'yan bumburutu ka rabu da shi ko da a hanya za ka kwana. Ana gauraya shi da kananzir, wani da ruwa, alhali famfon wannan injin da nozul ɗinsa gas ɗin ne man shafawarsu. Ka riƙa tsiyaye ruwan filtar gas, musamman da damina. Filtar iska kuma da hunturu ka duba ta duk kasuwa biyu. Kar ka bari a cire maka abin da ke daidaita zafin ruwa a haɗa fanka kai tsaye, injin gas da ba ya ɗaukar zafinsa shi ke tara baƙin hayaƙin nan a ciki.

Maganar juya ta zuwa fetur, ba inji kaɗai za ka saya ba. Sai kwamfutarsa da wayoyi da makulli da famfon tanki da salansa, giyar ma ba lallai ta dace ba, kuma 307 ba ta son a yi mata yanke-yanken waya. Idan injinka ba ya ƙwanƙwasa kuma fitilar mai ba ta kamawa in ya yi zafi, da sauransa. A sauke kaskon a gabanka, ka faɗa mana yadda ka samu rariyar.