Ku Tambaya, Mu Amsa: Katin Gaisuwa Mai Adon 'Ya'yan Beri

Yawancin wasiƙun wannan karon a kan katin gaisuwa suke, irin wanda ake yanka siffofinsa da ƙarfe a inji, musamman mai adon sitiroberi, rasberi da buluberi. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi injin Sizzix Big Shot da ƙarafan yanka masu siffar sitiroberi da ganyensa. Jikin sitiroberin yana fita sumul, amma ganyen da siraran rassan ba sa yankuwa duka, in na ja sai su yage. Injin ne ba shi da kyau, ko ni ce ban iya ba?
Daga wata sabuwar shiga

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Da wuya laifin ya zama na injin. Ƙarfen nan ba kaifi gare shi irin na wuƙa ba. Siririn tudu ne a jikin faifan ƙarfe, matsi ne ke sa ya ratsa takarda. Jikin sitiroberi layi ɗaya ne mai zagaye, matsin duka a kansa yake sauka. Ganye da rassa kuwa layuka ne da yawa a cunkushe, sai matsin ya rarrabu, wasu wuraren su samu, wasu su rasa.

Fara duba jerin da kike yi. Allon ƙasa mai kauri da shimfiɗarsa ta siraran ƙarafa, sai farantin roba ɗaya, sai takarda, sai ƙarfen tudunsa na kallon takardar, sai faranti na biyu a rufe. Ki kama ƙarfen da guntun salatef mara ƙarfin manne don kada ya goce. Kada ki ajiye shi a tsakiyar faranti, ki matsar da shi gefe, domin a irin waɗannan injina matsi ya fi ƙarfi ta gefe. Ki murza gaba, ki dawo baya, sannan ki kifa ki duba bayan takardar tun ba ki raba ta da ƙarfen ba. Inda ya yanku za ki ga layin ya fito tas. In da saura, ki juya ƙarfen da takardar tare kwatan zagaye ki sake murzawa. Da zarar kin raba su, ba za su koma daidai mazauninsu ba.

Idan har yanzu da saura, ki ƙara kauri: falle ɗaya na kwali tsakanin allon ƙasa da faranti. Ɗaya bayan ɗaya ake ƙarawa. In hannun injin ya cije har sai kin sa ƙarfi, ki tsaya ki rage, don tilasta shi na iya lalata injin ko ya lanƙwasa ƙarfen.

Sauran abu biyu. Siffa mai siraran rassa ta fi son takarda mai nauyin gsm 200 zuwa 220, wato lambar da ake rubutawa a jikin fakiti. Mai 300 ta yi mata kauri. Sannan ki sa falle na takarda mai kaki tsakanin ƙarfe da kwalin, za ki ga siffar tana fita ba gardama. Akwai 'yan ramuka a bayan ƙarfen, ta nan ake turo takarda da allura, ba ja ake yi ba. Ɓurɓushin da ya maƙale ki share shi kafin yanka na gaba, shi ma yana hana yankuwa.

Tambaya: Farantan injina sun gantsare, duk sun yi zane-zane, kuma ina jin ƙara kamar wani abu na fashewa in ina murzawa. Sun lalace ke nan?
Daga wani mai karatu

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Ƙarar da zanen duk aikin faranti ne, tudun ƙarfen ne ke shiga jikin robar. Gantsarewa kuwa tana zuwa ne in fuska ɗaya kullum ke shan matsi, don haka ka riƙa kifa su kana juya kai da ƙafa. Ka ware ɗaya na yanka, ɗayan ka bar shi sumul a bayan ƙarfe, in ba haka ba tsohon zane zai riƙa fitowa a sabuwar takarda. Sai ya tsage ko ya daina kwanciya ne ake sauya shi.

Tambaya: Ina yin gindin katin da jan kwali mai kauri, amma duk lokacin da na ninke sai bayan ninkin ya tsattsage, fari ya bayyana. Kuma wane girma ya kamata in yanka don ya shiga ambulan?
Daga wata uwa mai sana'ar hannu

Amsa: Hajiya, matsala biyu ce ta haɗu. Ta farko, takarda tana da jijiya kamar itace: zare-zarenta suna kwanciya ta fuska ɗaya tun daga masana'anta. Ninkin da ya bi jijiyar yana kwanciya lafiya, wanda ya gitta ta shi ke tsagewa. Ki ɗauki falle ki ɗan lanƙwasa ta tsawo, ki sake ta faɗi, ba tare da kin ninke ba. Ɓangaren da ya fi saurin bi, nan jijiyar take, kuma nan ya kamata layin ninki ya bi.

Kwali mai gsm 250 zuwa 300, wanda shi ne daidai gindin kati, ba a ninke shi haka kawai. Ana danne masa layi tukuna. Ki ɗora rula, ki bi gefenta da abin danne layi ko biron da tawadarsa ta ƙare, sau biyu ko uku a hankali. Za ki ga kwari ta sama, tudu ta ƙasa. Tudun ne ke shiga cikin kati, kwarin ya kasance a waje. Mutane da yawa suna yin akasin haka saboda ya fi kama hankali, amma kwarin a waje shi ke ba zaren wurin miƙewa. Bayan nan ki goge ninkin da bayan cokali.

Ta biyu, farin da ke bayyana yana nuna kwalinki a fuska kaɗai aka shafa masa launi, cikinsa fari ne. Ki nemi wanda aka rina har ciki. In kin duba bakin fallen za ki gane. Wannan ya shafi 'ya'yan berin ma, don jan sitiroberi mai farin baki yana tona asirin takarda. In shi kike da shi, ki bi bakin da jar maka, wato biron launi mai kaurin baki, ta baya.

Girma kuwa, ki raba A4 biyu ki sami santimita 21 da 14.8, ki danne layi a 10.5. Katin zai fito A6, santimita 10.5 da 14.8, ambulan ɗinsa C6, mai 11.4 da 16.2. Shimfiɗar da za ki ɗora a fuskarsa ki yanka 10 da 14.3, gefe ya rage milimita biyu da rabi ta ko'ina. Ki lura, ƙarafa da yawa da ake ƙerawa a Amurka a kan nasu girman aka auna su, inci 4.25 da 5.5, wato wajen santimita 10.8 da 14. Firam ɗinsu ba ya zama daidai a kan A6 sai an gyara.

Tambaya: Yankana yana fita da kyau, amma in na gama katin sai in ga 'ya'yan sun kwanta shame-shame, ba rai, jar takarda kawai. Na wasu kuwa har ka so ka tsinka. Mene ne sirrin?
Daga wata ɗaliba

Amsa: Ƙanwata, wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, domin inji siffa kawai yake bayarwa, rai daga hannunki yake fitowa. Mun fi so ki kalli hoton ɗan itacen na gaske da kyau kafin ki taɓa tawada.

Sitiroberi daga tsininsa yake fara nuna, kafaɗarsa ta kusa da hular ganye ita ce ta ƙarshe. Saboda haka kada ki fara da ja mai duhu. Ki yanka a takarda ruwan hoda ko ja mai haske, ki ɗebi jar tawada da soso ko buroshi mai laushi, ki fara dangwala a wata takarda don rage yawanta, sannan ki shigo daga waje zuwa ciki kina zagayawa. Ki cika tsini da gefe ɗaya, ki bar kafaɗa da haske. Inuwar ƙarshe ki yi ta da ja mai sirkin shunayya. Baƙi yana kashe ja, sai ɗan ya yi kamar ya ruɓe. Ƙwayoyinsa a waje suke, launinsu ruwan ɗorawa mai haske. In ƙarfenki yana huda gurabensu, ki manna takarda mai wannan launi a baya. In ba ya hudawa, ki ɗiga da biro mai tawadar ruwan madara, layi na biyu ya faɗa tsakanin ɗigon layi na farko, ba a jere ƙyam ba. Ganyensa uku-uku ne masu haƙora a baki, furensa fari mai fuka-fukai biyar da tsakiya ruwan ɗorawa. Fure ɗaya da ɗanye ɗaya mai fari-kore a cikin nunannu suna ɗaga kati fiye da ƙarin ja guda biyar.

Buluberi abu biyu ke sa a gane shi: ɗan kambi mai tsini biyar a ƙasansa, da farar ƙura-ƙura da ke lulluɓe fatarsa. Ki yanka da'ira mai milimita 10 zuwa 12 a shuɗi mai sirkin shunayya, ki duhunta gefe ɗaya, ki shafa farar tawada kaɗan ƙwarai a ɗaya gefen, ki zana kambin da maka mai duhu. Kada kowanne ya kalli gaba. Wasu kambinsu a gefe, wasu babu shi sam. Kuma shi ba a sa masa ƙyalli.

Rasberi tarin ƙananan ƙulle-ƙulle ne, kowanne da nasa hasken. Ɗigon farin biro a kan kowane ƙulli, duka ta ɓangare ɗaya, shi ke ba shi jiki. Wannan ƙa'idar ta shafi katin gaba ɗaya: ki zaɓi inda haske ke fitowa, a ce sama ta hagu, kowane ɗa ya bi. Ɗaya in ya saɓa, ido zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai gano mene ne ba.

Daga nan sai tudu. Ki kifa ɗan a kan shimfiɗar linzamin kwamfuta, ki mulmula bayansa da abu mai zagayayyen kai har ya yi kumburi. Na baya ki manna su a kwance, na gaba ki ɗaga su da salatef mai soso na milimita ɗaya ko biyu, su ɗan hau kan juna, ganye na leƙowa ta ƙarƙashi. Uku ko biyar sun fi biyu ko huɗu daɗin gani. Ki jera komai ba gam tukuna, ki ɗauki hoto da waya, sannan ki manna kina kallon hoton. A ganinmu kuma, farin fili ko ruwan madara ya fi dacewa da waɗannan launuka, kuma tari ɗaya a kusurwa da sarari a gefensa ya fi cika katin fam.

Tambaya: Gam yana ɓullowa ta gefen rassa ya bar tabo mai ƙyalli, katin kuma ya murɗe bayan ya bushe.
Daga wata mai karatu

Amsa: Malama, duka biyun yawan gam ne. Gam na ruwa yana jiƙa zaren takarda ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, fuska ɗaya ta ja ɗaya. Ki matsa ɗan kaɗan a wata takarda, ki ɗiba da tsinken sakace ki ɗiɗɗiga a bayan reshen, ki riƙe shi da matsefata. Abin da ya fi wannan tsabta shi ne ki liƙa falle mai manne fuska biyu a bayan kwalin tun kafin yanka, siffar ta fito da mannenta. Sai dai kaurin ya ƙaru, za ki murza sau biyu. Manyan shimfiɗu salatef mai fuska biyu ya ishe su. In kin yi fenti da ruwa, ki yi a takardar fentin ruwa mai gsm 300, ta bushe sarai, ta kwana ƙarƙashin littafi mai nauyi kafin a manna. Jar tawada tana saurin zuba in ta ji danshi, ki bar ta ta bushe kafin gam ya kusance ta.

Tambaya: Ina son koya wa yara 'yan aji wannan aiki, amma ba mu da inji.
Daga wani malamin makaranta

Amsa: Allah ya saka da alheri, Malam. Abin huda takarda na ofis yana fitar da da'ira mai milimita 6. Ka yanka takarda a siffar ƙwai mai santimita biyu, yaro ya jera da'ira 12 zuwa 15 a kai daga ƙasa zuwa sama, kowane layi na hawa kan na ƙarƙashinsa, ga rasberi. Ja iri biyu a gauraye ya fi iri ɗaya. Sitiroberi kuwa a ninke takarda biyu a yanka rabin zuciya mai faɗin kafaɗa da almakashi. Reza ta tsaya a hannunka kai kaɗai.

Tambaya: Na aika kati ta gidan waya, ya isa 'ya'yan sun baje, ƙyallin da na sa ya manne da ambulan.
Daga wata mai karatu

Amsa: 'Yar'uwa, wasiƙu ta cikin injinan tantancewa suke bi, suna matse duk abin da ya yi tudu. Soso da takardar da aka kumbura ba sa jure wannan. Katin da za a aika, ki yanka kowane ɗa sau uku ki manne su kan juna. Tudun zai fito, kuma ba ya lotsawa. Ki kula da kauri: a Birtaniya wasiƙa ta yau da kullum ba ta wuce milimita 5, a Amurka kwatan inci, abin da ya haura wani aji yake shiga, don haka ki tambayi ƙa'idar inda kike. Ruwan ƙyalli irin Glossy Accents samansa kan bushe alhali cikinsa da saura. Kada ki girgiza kwalbar, kumfa zai shiga. Wanda ya fito ki fasa da allura, ki bar katin a kwance ya kwana. Kafin ki rufe ambulan, ki ɗora falle na kwali daidai girman katin a fuskarsa, ki sa fuskar adon ta kalli bayan ambulan ɗin, nesa da inda ake buga hatimi.